Mai Littafin Fari Da Kuɗin Aljihunsa

Da wuya a sami gundumar da babu wani saurayi, ko wata matar aure, da suka cika littattafan rubutu uku ko huɗu da labarin da suka ƙaga da kansu, suna ɓoye da su cikin adaka, suna jiran ranar da za su ga sunansu a bangon littafi. Irin waɗannan mutane su kan iso ƙofar hakimi ta hanya biyu. Waɗansu su zo tun da fari, neman gudummawa da sa albarka. Waɗansu kuwa sai daga baya, da ƙara a bakinsu: ɗan kasuwa ya riƙe musu kuɗi, ko wani ya sake buga littafinsu ba da saninsu ba. Malaman hakimai ma ba su tsira ba, gama su a kan miƙa wa rubutun a ce, don Allah Malam a duba mini. Saboda haka aka ga ya kamata a bayyana yadda wannan sha'ani ya ke tafiya, tun daga alƙalami har zuwa rumfar kasuwa.

Abin da za a riƙe tun yanzu shi ne, wanda ya buga littafinsa da kansa ya ɗauki aikin mutum uku. Shi ne mawallafi, shi ne mai gyara, shi ne kuma ɗan kasuwa. Na farkon kaɗai ya shirya wa, sauran biyun ne su kan kayar da shi.

Da can ba haka a ke yi ba

Cikin 1933 Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙaga labarai su rubuta da boko. Aka sa gasa, littattafai biyar suka fito daga cikinta: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda Malam John Tafida ya yi tare da shi East ɗin. Dukansu sababbin hannu ne a wannan fanni. Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina a lokacin, shekarunsa wajen 22. Amma ku dubi irin gatan da suka samu. Rubutu kaɗai suka yi. Akwai wanda ya zauna ya bi musu shi layi layi, ya rage nan, ya gyara can. Gwamnati ta biya kuɗin bugu, makarantu suka zama kasuwa. Babu ɗayansu da ya ɗauki ƙunshin littattafai ya bi rumfuna yana talla.

Haka aka ci gaba a zamanin Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa 1945, da hukumar NORLA wadda aka rufe 1959, da kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa 1966. Ƙofa ce mai kyau, sai dai ƙunci gare ta, kaɗan ne su ke shiga. A 1980 NNPC ya buga littattafan da suka ci gasarsa, cikinsu har da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Ba a jima ba tattalin arzikin ƙasa ya karye. Daga 1986, sa'ad da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, takarda da tawada da a ke sayowa daga waje suka yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, inda cinikinsu ya ke da tabbas.

Ga abin mamaki kuwa, a daidai lokacin da ƙofar ta rufe ne masu karatu suka yawaita. An buɗe makarantun firamare kyauta ga kowa a 1976, Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, dubban mata da samari suka iya karatun Hausa, ba su da abin karantawa sai littattafan da kakanninsu suka karanta. To, mai labari a hannu da mai son karatu suna gari ɗaya, babu wanda zai haɗa su. Sai marubuta suka ce bari su yi da kansu.

Mutum biyu da suka gwada

Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980, shi a kan ambata cikin na farkon farko. Amma mutum biyu ne labarinsu ya fi koyar da abin da mu ke nufi.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad ce. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, sai da ta girma ta koma ajin manya ta nemi karatu. Littafinta na fari, Budurwar Zuciya, ya fito 1987. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, tana bayyana zaman gidan kishiyoyi da auren wuri kamar yadda ta san su. Da ta tsaya jiran wani kamfani ya yarda da rubutun macen da ba ta da takardar shaidar makaranta mai zurfi, da ƙila har yau tana jira. A 2012 wani kamfani na birnin Chennai a ƙasar Indiya ya buga Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, fassarar Aliyu Kamal.

Malam Ado Ahmad Gidan Dabino shi ma karatun allo ya fara, boko kuwa sai da ya girma ya same shi a ajin manya na yamma a Kano. A 1991 ya fitar da In Da So Da Ƙauna, labarin 'yar masu kuɗi da ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata saboda son wani talaka. Littafin ya karɓu ƙwarai, aka yi ta sake bugunsa, aka fassara shi da Turanci, daga baya aka mai da shi fim.

Su biyun nan suna cikin ƙungiyar marubuta ta Kano mai suna Raina Kama, tare da irin su Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Dabarar ƙungiyar nan ta isa a tsaya a kanta, domin ita ce ta maye gurbin kamfanin da babu. Wanda ya riga ya buga ya nuna wa sabo maɗaba'ar da ba ta cuta, da ɗan kasuwar da ya ke biya. A cikin littafin kowane ɗaya kuma a jera sunayen littattafan 'yan'uwansa, watau kowane littafi ya zama tallan sauran. Akwai waɗansu ƙungiyoyin irinta, kamar Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Wanda ya shiga sha'anin nan shi kaɗai, ba ƙungiya ba mai nuna hanya, ya kan biya kuɗin koyo da tsada.

Daga adaka zuwa maɗaba'a

Yawancin masu farawa da hannu su ke rubutu, a littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da dare bayan an gama hidimar gida ko an taso daga kasuwa. Wannan shi ne ɓangaren daɗi, ba ya cin kuɗi sai barci. Wahala ta kan fara ne ranar da aka kai rubutun wurin mai bugawa da tafireta a da, ko kwamfuta a yau. Mai bugun nan sau da yawa bai koyi ƙa'idojin rubutun Hausa ba, wani ma ba Bahaushe ba ne, shafi ya ke ƙirgawa a biya shi. Abin da ya gani shi zai buga, abin da bai gane ba ya ƙaga nasa.

Nan ne malaman hakimai za su yi amfani ƙwarai, don haka za mu ɗan daɗe a kai. Tsofaffin tafiretoci ba su da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, shi ya sa littattafai da yawa na shekarun 1980 da 1990 suka fito babu su, ko kuwa an bi an lanƙwasa su da alƙalami. Yau kowace kwamfuta da kowace waya tana iya fitar da su, babu sauran uzuri. Ba ado ba ne. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Wanda ya rubuta bari alhali ɓari ya ke nufi ya sauya labarin gaba ɗaya. Bayan wannan sai rabon kalmomi, inda a kan haɗe abin da ya kamata a raba, a raba abin da ya kamata a haɗe, har mai karatu ya koma baya sau biyu kafin ya gane. Sai alamomin zance, a san inda maganar wannan ta ƙare ta wancan ta fara. Littafin da zai tsallaka Maraɗi ko Damagaram kuma a tuna cewa mutanen Nijar da ƴ su ke rubuta abin da mu ke rubutawa da 'y, kowanne daidai ne a ƙasarsa, sai dai a zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Akwai wani gyaran da ya fi wannan wuya, shi ne na labarin kansa. Mai littafin fari ba ya son a taɓa masa ko layi ɗaya, kamar uwa da ɗan fari. Zai ba abokansa su karanta, su ce madalla, ba a taɓa yin irinsa ba. Ba su yi masa komai ba. Abin da ya ke bukata shi ne mutum ɗaya wanda ba ya jin kunyarsa, ya ce masa yarinyar nan da ka ce marainiya ce a shafi na 10, ga ubanta yana magana a shafi na 70. Ko kuwa ya ce shafi shida ɗin nan da ka ɓata wajen kwatanta falo da motoci, rabin shafi ya isa. A ganina malamin da aka kawo wa rubutu ya mayar da shi babu jan alƙalami ko ɗaya, don gudun ɓacin rai, ya ci amanar mai shi. Ɓacin ran kwana biyu ne, kuskuren kuwa za a buga shi sau dubu.

Idan an gama gyara sai maɗaba'a. Mai farawa ya san cewa ba shafi ɗaya ɗaya inji ya ke bugawa ba. Babban fallen takarda a ke bugawa gaba da baya, a ninke, ya ba da shafi 8 ko 16. Saboda haka littattafai su ke zuwa shafi 64, ko 80, ko 96. Wanda labarinsa ya kai shafi 66 zai biya kuɗin ƙarin falle saboda shafi biyu kacal, gara ya rage ko ya cika. Kada kuma ya yarda a ɗora wa inji sai an ba shi gwajin shafukan da na bango ya karanta ya sa hannu. Bayan an buga, babu gyara sai sabon kuɗi.

Lissafin da ba a yi

Kuɗin buga littafi iri biyu ne. Akwai wanda ba ya sauyawa ko kwafi nawa za a yi, watau na tsara shafuka, da zanen bango, da farantan da a ke ɗora wa inji. Akwai kuma wanda ya ke ƙaruwa da yawan kwafi, watau takarda da tawada da ɗinki. Don haka mai maɗaba'a zai ce maka, kuma gaskiya ya faɗa, in ka yi da yawa kowane kwafi zai fi araha. Abin da ba zai faɗa ba shi ne wanda zai saya.

Bari mu ƙaddara misali, ba farashin kasuwa ba ne, don a ga yadda lissafin ya ke kawai. Mutum ya kashe naira 600,000 ya buga kwafi 1,000. Kowane kwafi ya tsaya masa 600. An sa wa littafin farashi 1,000, sai ya zauna ya lissafa ribar 400,000, har ya fara tunanin babur. Amma ba shi zai sayar wa mai karatu ba, ɗan kasuwa ne, shi kuwa a 750 zai karɓa. Ke nan sai an sayar da kwafi 800 an kuma biya shi kuɗinsu kafin uwar kuɗinsa ta dawo. Cikin sauran 200, a cire 50 na kyauta ga 'yan'uwa da surukai da manya, a cire 30 da suka fito da shafi a juye ko ruwa ya taɓa. Saura 120. Ribarsa duka, in komai ya tafi daidai, naira 90,000 ce, ita ma ba rana ɗaya za ta zo ba.

Ba za ta zo rana ɗaya ba domin ɗan kasuwa ba ya sayen littafin sabon marubuci da kuɗi hannu. Karɓa ya ke yi ya ajiye, in an sayar ya biya, kaɗan kaɗan. Shi ma yana da hujja, bai san ko littafin zai tafi ba, ga shi ya ba waɗansu 'yan sari na Gusau ko Jos ko Zariya bashi, sai sun kawo. Marubuci kuwa bashi ya ci, ko ya sayar da ɗan kunnen matarsa, ko ya kwashi adashi, masu kuɗi suna jira. Ga kuma masu ba da hayar littattafai a unguwa, kwafi ɗaya mutum ashirin su karanta, sunan marubuci ya yi nisa, aljihunsa bai sani ba. Yawancin ƙararrakin da za su zo gabanku daga wannan tazara su ke fitowa, tsakanin ranar da aka miƙa littattafai da ranar da aka biya, kuma galibi babu ko guntuwar takarda da ta nuna kwafi nawa aka miƙa.

Wannan ƙarancin jari shi ya haifi al'adar raba labari kashi kashi, na ɗaya, na biyu, na uku. A buga na ɗaya a tsaya daidai inda ran mai karatu ya ke rataye, kuɗin da ya shigo a buga na biyu da shi. Dabara ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi. Illarta ita ce in na ɗaya bai dawo da kuɗi ba, na biyu ba zai fito ba har abada. Wata illar kuma, marubuci ya kan ja labarin da ya isa littafi ɗaya ya mai da shi huɗu.

Da tafiya ta yi nisa sai waɗansu 'yan kasuwa suka zama su ne masu bugawa. Su sayi rubutun ɗungum daga hannun marubuci, su biya shi sau ɗaya, su buga abinsu. Ga wanda ya gaji da bin bashi wannan sauƙi ne. Amma in littafin ya karɓu aka sake bugunsa sau biyar, ba shi da ko kwabo a ciki, sai sunansa a bango.

Surutun jama'a

Mai farawa ya shirya wa baki kuma. Marubutan nan su kan sa hotonsu da adireshinsu a littafi, wasiƙun masu karatu su yi ta zuwa, waɗansu na yabo, waɗansu na neman shawara kan aurensu, waɗansu na zagi. Masana ma sun yi ta ja-in-ja a jaridu cikin shekarun 1990: Malam Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba, Malam Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya musu. Iyaye da malaman addini da yawa sun zarge su da ɓata tarbiyyar 'yan mata. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, a 2007 kuma aka ƙone waɗansu littattafan labarai a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Cikin tarin nan akwai na banza, ba shakka. Akwai kuma waɗanda suka faɗi abin da a ke yi wa mata da marayu a gidaje, wanda wani bai faɗa ba. Hakimin da aka kawo wa ƙarar littafi, ya sa a karanta masa shi tukuna.

Yau da yawa daga masu farawa ba su zuwa maɗaba'a sam. A waya su ke rubutu, su saki shafukan farko kyauta ta WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, wanda ya ke son ci gaba ya tura kuɗi. Kuɗin takarda ya fita, bashin ɗan kasuwa ya fita. Amma mai gyara har yanzu babu, sata kuma ta fi sauƙi, gama wanda ya biya shi kaɗai zai iya tura wa mutum ɗari, wani kuma ya karanta labarin da murya ya ɗora a YouTube ba da izni ba. Kada kuma marubuci ya bar rubutunsa a wuri ɗaya. Dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks ya rufe a 2023. Gasar Hikayata ta mata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta ɗan dawo da irin ƙofar 1933, inda alƙalai za su karanta rubutun sabon hannu su auna shi.

Abin da doka ta tanada

Labari mallakar wanda ya rubuta shi ne tun daga ranar da ya sa shi a takarda, ko ya yi rajista ko bai yi ba. Bisa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, haƙƙin nan yana nan duk tsawon ransa, da shekara 70 bayan rasuwarsa, watau yana shiga gado. Sayar da haƙƙin kuma ba ya tabbata da baki, sai a rubuce. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk wanda ya buga littafi ya kai kwafi 3 can, a nan kuma a ke karɓar lambar littafi ta duniya, wadda a ke kira ISBN.

To, idan marubuci da ɗan kasuwa suka zo a rubuta musu yarjejeniya, malam ya fara tambaya, littattafai a ke sayarwa ko haƙƙin labarin, domin su biyun sau da yawa kowa da abin da ya ke nufi. In littattafai ne, a rubuta yawan kwafi, da farashin kowane, da ranakun biya, da wanda zai ɗauki asarar waɗanda suka lalace, da ranar da za a mayar da waɗanda ba a sayar ba. In haƙƙi ne, a rubuta na bugu nawa ne, ko na shekara nawa, a kuma fayyace ko ya haɗa da fassara, da fim, da karantawa a rediyo ko a intanet. Abin da ba a ambata ba a rubuta cewa yana hannun marubuci. In marubuciyar matar aure ce kuma wani ya wakilce ta, a sa sunanta ita, a karanta mata takardar ta ji da kunnenta kafin ta sa hannu. A yi shaidu biyu. Takardar a yi ta kwafi uku, ɗaya ga marubuci, ɗaya ga ɗan kasuwa, ɗaya a ajiye a ofishin hakimi.